Jerin sunayen nan na Littafi Mai Tsarki, da batun ko alkawarin Allah gadon jini ne

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya biyu a haɗe. Ta farko, yace ya ƙudurta zai karance Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe, amma duk inda ya ci karo da "wane ya haifi wane, wane ya haifi wane" sai gyangyaɗi ya kama shi, to mene ne amfanin waɗannan sunaye, kuma ina ruwansu da alkawaran da Allah ya yi? Ta biyun ita ce ta fi ci masa rai. Yace kakansa mai tsafi ne har ya bar duniya, kuma wani mai wa'azi ya gaya masa wai tunda albarka tana bin zuriya to la'ana ma haka take bi, sai ya kawo kuɗi an yi masa addu'a ta musamman an yanke ta.

To ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka haɗa su, domin amsar ta biyun tana cikin ta farkon ne, sai dai ka yi haƙuri da ni zan ɗan ja magana.

Mu fara da Ibrahim. A Farawa sura 12 Allah ya kira shi yana da shekara 75, ya yi masa alkawarin ƙasa, da al'umma mai girma daga cikinsa, da kuma cewa ta wurinsa dukkan kabilun duniya za su sami albarka. Yanzu ka duba waɗannan abubuwa uku da kyau, babu ko ɗaya da zai cika a cikin rayuwar mutum guda. Ibrahim ya mutu yana da shekara 175, kuma abin da ya mallaka a ƙasar da aka ce tasa ce shi ne fili ɗaya mai kogo a Makfela, shi ɗin ma da kuɗinsa ya saya, shekel 400 na azurfa, don ya binne Saratu. To alkawarin da ya fi rayuwar wanda aka yi wa tsawo, ta yaya wanda ya zo daga baya zai gane ko an cika ko ba a cika ba? Sai ta hanyar sunaye. Aikin da jerin nan yake yi kenan, shaida ce ake ajiyewa tsara bayan tsara cewa igiyar ba ta tsinke ba. Shi yasa a Farawa 17 Allah yace alkawarin tsakaninsa ne da Ibrahim da zuriyarsa a bayansa, kuma shi yasa a Fitowa 2:24, bayan ɗaruruwan shekaru, da bayi suka yi kuka a Masar, aka rubuta cewa Allah ya tuna da alkawarinsa da Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Mutanen nan uku sun daɗe a kabari amma maganar tana nan da ranta.

Akwai wani wuri da mutane ke tsallakewa alhali nan ne gishirin. Farawa 11 ta jero sunaye goma daga Shem zuwa Abram, wato Ibrahim, kowa yana haihuwa kamar ba wata wahala, sai kawai a aya ta 30 aka ce Saraya, wato Saratu matarsa, bakarariya ce, ba ta da ɗa. Jerin ya ci karo da bango kenan, kuma daidai wurin ne Allah ya zo da alkawarin zuriya. Shekara 25 suka jira kafin Ishaku ya zo. Ishaku ya auri Rifkatu yana da 40, ba su ga tagwayensu ba sai yana da 60. Rahila matar Yakubu ma haka ta sha jira. Sau uku a jere fa, a gidan da aka ce zuriyarsa za ta kai yawan taurari. Ni dai ban ga yadda za a karanta wannan a ce haɗuwar katari ce ba, marubucin so yake ka gane cewa wannan zuriya ba ƙarfin jikin kowa ne ya kawo ta ba.

Daga nan sai batun ɗan fari. A al'adar mutanen wancan zamani ɗan fari shi ne mai rabo biyu, Maimaitawar Shari'a 21:17 ma ta tabbatar da haka a dokance. Amma ka bi layin alkawarin ka gani, Ishaku ba ɗan fari ba ne, Yakubu ƙanen Isuwa ne, Yahuza na huɗu ne a ɗakin Lai'atu, Ifraimu ƙanen Manassa ne kuma da gangan Yakubu ya harɗe hannuwansa ya ɗora na dama a kansa ko da Yusufu ya so ya gyara masa, Dawuda kuwa auta ne da aka bari a daji da tumaki ranar da Sama'ila ya zo gidan Yesse, ba a ma kira shi ba sai da annabin ya tambaya ko akwai saura. Idan kana son abin da zai kusanto maka da shi, ka tuna da sarautar Zazzau, inda sarki ke fitowa daga gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Dole sarki ya fito daga gidan sarauta, amma haihuwa a gidan ba ta naɗa wa kowa rawani, sai an zaɓa. Bambancin kawai shi ne can mutane ke zaɓe, nan kuwa Allah ne, kuma ba ya bin lissafin da iyaye suka yi a ransu.

Kuma waɗanda ba a bi ta kansu ba, ba a yar da su ba, wannan yana da muhimmanci musamman a gare mu da muke zaune da 'yan'uwa Musulmi gida ɗaya, kasuwa ɗaya. Littafin Farawa ya faɗa a fili cewa da Ishaku za a kafa alkawarin, 17:21 kenan, ba zan ɓoye wannan ba. Amma aya ɗaya kafin nan Allah yace ya ji roƙon Ibrahim a kan Isma'ilu, zai sa masa albarka, zai haifi shugabanni 12, ya zama al'umma mai girma, kuma a sura 25 sai ga sunayen 12 ɗin an jero, Nebayot, Kedar da sauransu. Ka ga aikin jerin suna ko? An yi alkawari a sura 17, an kawo shaidar cikawa a sura 25. A surar nan dai aka ce Ishaku da Isma'ilu tare suka binne ubansu. Isuwa ma sura guda cif aka ba zuriyarsa, sura 36. Kuma mai karatun Alƙur'ani ya san a Baƙara aya ta 124 Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa, aka amsa masa cewa alkawarin ba zai sami azzalumai ba. Mun bambanta a abubuwa da yawa amma kowane ɓangare ya san jini kaɗai ba ya isa.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. A Farawa 49:10 Yakubu yace sandan sarauta ba zai rabu da Yahuza ba. To wane irin gida ne gidan Yahuza? Ka karanta sura 38. 'Ya'yansa biyu sun mutu saboda muguntarsu, ya hana surukarsa Tamar na ukun, ita kuma ta yi shigar karuwa ta yaudare shi ta yi ciki da shi, da aka zo za a ƙone ta ta fito da hatiminsa da sandarsa, shi da bakinsa yace ta fi shi gaskiya. Daga wannan cikin aka haifi Feresa, kuma ta kan Feresa layin sarauta ya bi. Wanda ke ƙirƙirar asali don ya burge mutane ba zai bar irin wannan labari a ciki ba, gogewa zai yi. Sai kuma Rut. Maimaitawar Shari'a 23:3 tace mutumin Mowab ba zai shiga taron jama'ar Ubangiji ba har tsara ta goma, ga Rut 'yar Mowab, gwauruwa, baƙuwa mai kala a gonar mutane, tace wa Na'omi uwar mijinta mutanenki su ne mutanena, Allahnki shi ne Allahna, kuma littafinta ya ƙare da sunaye goma daga Feresa zuwa Dawuda. Ita ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Ba da jini ta shiga ba, da bangaskiya ta shiga, daga baya jininta ya zama jinin sarki.

Da Dawuda alkawarin ya ƙara tsukewa zuwa gida ɗaya. A 2 Sama'ila 7 Dawuda ya so ya gina wa Allah ɗaki, Allah ya aiko annabi Natan yace a'a, ni ne zan kafa maka gida, kursiyinka zai tabbata har abada, in ɗanka ya yi laifi zan hore shi amma ƙaunata ba za ta rabu da shi ba yadda ta rabu da Saul. Kuma wannan gida ba a takarda kaɗai yake ba. A shekarar 1993 masu haƙa kufai a Tel Dan, arewacin Isra'ila, suka tono wani dutse da rubutun Aramiyanci na ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, wani sarki abokin gaba yana fahariyar nasararsa, a ciki ya ambaci "gidan Dawuda". Maƙiyi ne ya rubuta, ba masoyi ba.

Sau biyu igiyar nan ta kusa tsinkewa. Na farko a 2 Sarakuna 11, lokacin da Ataliya ta tashi ta hallaka 'ya'yan sarauta, sai wata mace, Yehosheba, ta sace jariri Yowash, ɗan ɗan'uwanta, ta ɓoye shi shekara 6 a Haikali, aka naɗa shi yana ɗan shekara 7. Dukan alkawarin nan ya koma kan yaro ɗaya da goggonsa. Na biyun ya fi tsanani. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yehoyakin, wanda ake kira Yekoniya, zuwa Babila bayan wata 3 kacal a kan mulki, kuma annabi Irmiya a 22:24-30 ya faɗi magana mai nauyi a kansa, cewa ko da shi zoben hatimi ne a hannun dama na Allah za a tuɓe shi, a rubuta shi marar ɗa, domin babu wani daga zuriyarsa da zai zauna a kursiyin Dawuda. Kimanin shekara goma bayan haka aka ƙone Urushalima da Haikalin. Kar ka ɗauka mutanen lokacin sun haɗiye wannan cikin sauƙi, ka karanta ƙarshen Zabura 89 ka ji mai waƙa yana tambayar Allah kai tsaye, ina ƙaunar nan da ka rantse wa Dawuda? Ni wannan zabura tana taɓa ni ƙwarai, domin mai bi ne yake riƙe da alkawarin a hannu ɗaya, kangon birni a gabansa, kuma bai saki ko ɗaya ba.

Amma ka bi sunayen. 2 Sarakuna ta rufe da cewa a shekara ta 37 ta bautarsa aka fito da Yehoyakin daga kurkuku yana cin abinci a teburin sarkin Babila. An ma sami allunan yumɓu a kufan Babila, suna Berlin yanzu, wani masani Bajamushe Ernst Weidner ya buga su a 1939, lissafin rabon mai ne da ake ba fursunoni, a ciki har da sunan Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'ya 5. 1 Tarihi 3 ta jero masa 'ya'ya 7. Sai a shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, annabi Haggai ya gaya wa jikansa Zarubabel, a 2:23, cewa Allah zai maishe shi kamar zoben hatimi. Zoben da aka tuɓe daga kaka, an mayar wa jika. Zarubabel bai taɓa zama sarki ba, gwamna ne a ƙarƙashin Farisa, don haka hukuncin Irmiya bai faɗi ƙasa ba, alkawarin Natan ma bai mutu ba. Wanda ya tsallake sunaye ba zai taɓa ganin wannan ba.

Surori 9 ɗin nan na farkon 1 Tarihi da suka fi sa mutane gajiya, an rubuta su ne domin waɗanda suka dawo daga bauta, ba sarki, ba ƙarfi, suna tambayar kansu ko har yanzu mu ne mutanen nan? A wurinsu abin ba wasa ba ne, Ezra 2:61-63 ta ba da labarin wasu da suka ce su firistoci ne, aka nemi sunansu a rubuce ba a samu ba, aka dakatar da su daga aikin. Amma ko a cikin jerin nan ka lura da 1 Tarihi 2:34-35, inda Sheshan da ba shi da ɗa namiji ya aurar da 'yarsa ga bawansa Bamasare, Yarha, aka ci gaba da lissafa zuriyarsu a cikin Yahuza ba tare da wani tsokaci ba.

Matiyu da ya buɗe Sabon Alkawari da jerin suna ya san abin da yake yi. Layinsa na farko ya kira Yesu ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim, wato alkawura biyun nan ya ɗauko. Ya kasa sunayen kashi uku, 14, 14, 14, kuma malamai da dama suna ganin saboda sunan Dawuda ne, wanda a lissafin haruffan Ibrananci yake ba da 14. Don ya cika wannan tsari ya tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya, wato Ahaziya da Yowash da Amaziya, kuma masu karatunsa na farko sun san littafin Sarakuna sarai, ba ruɗinsu ya yi ba, a irin wannan rubutu "ya haifi" yana iya nufin jika ko tattaɓa kunne. Ya kuma sa mata, abin da ba a saba ba, Tamar, Rahab ta Yariko, Rut, da wadda ya kira matar Uriya, ya ƙi ɓoye laifin Dawuda, sannan Maryamu. Ba Saratu ya zaɓa ba, ba Rifkatu ba.

Za ka ga Luka 3 ya bambanta, kuma gara ka ji daga gare ni tun yanzu. Matiyu ya bi ta kan Sulemanu, Luka ya bi ta kan Natan, wani ɗan Dawuda, har ya kai Adamu. Matiyu yace uban Yusufu mijin Maryamu Yakubu ne, Luka yace Heli. Tun ƙarni na 3 Yuliyus Afrikanus ya bayyana shi da dokar nan ta ɗan'uwa ya auri matar ɗan'uwansa da ya mutu ba ɗa, sai yaron ya zama yana da uba na haihuwa da uba na doka. Wasu daga baya suka ce na Luka layin Maryamu ne. Wasu kuma suka ce Matiyu magadan kursiyi yake jerawa, Luka kuma asalin haihuwa. Ni na fi karkata ga na ƙarshen, amma ba zan ce maka an rufe zancen ba. Abin da duka biyun suka haɗu a kai shi ne Dawuda, da Zarubabel, da kuma cewa Yusufu ba shi ya haifi Yesu ba, karɓarsa ya yi ya raɗa masa suna.

Bayan Yesu ba ka ƙara ganin wani jerin zuriya a Sabon Alkawari, domin abin da ake bin sawunsa ya iso. Yahaya Maibaftisma ya riga ya gaya wa masu taƙama da Ibrahim cewa Allah yana iya tayar masa da 'ya'ya daga duwatsu. Bulus, wanda ya san kabilarsa sarai, Biliyaminu, yace a Galatiyawa 3:29 in ku na Almasihu ne to ku zuriyar Ibrahim ne, magada bisa ga alkawari. Ta wannan ƙofa ni da kai muka shiga, ƙofar da Rut ta bi. Kuma a Romawa 11 ya ja mana kunne kada mu yi wa Yahudawa fahariya, domin Allah ba ya janye kiransa. Iyali bai zama banza ba fa, Bitrus yace alkawarin naku ne da 'ya'yanku, kuma a kan yadda za a fahimci wannan ne Angalika da Katolika da Lutaran suke yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baftis kuma suke jira sai mutum ya furta da bakinsa, wannan tattaunawa ce ta wata rana.

Yanzu ga maganar kakanka. Ayar da ake tsorata ku da ita ita ce Fitowa 20:5, cewa Allah yana hukunta laifin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Ka ƙarasa karanta ta, tace na waɗanda suke ƙina, kuma aya ta 6 tace yana nuna ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa. Uku da huɗu a gefe ɗaya, dubbai a ɗaya gefen. Tsara uku zuwa huɗu kuwa su ne mutanen da ke zaune a gida ɗaya a lokaci ɗaya, kuma gaskiya ne abin da maigida ya shuka yana shafar su, uban da ya sayar da gona ya shanye kuɗin, 'ya'yansa za su ji a jikinsu, ba na musun wannan. Amma wahalar da aka gada daban, laifin da Allah ke riƙe ka da shi daban. Mutanen zamanin Ezekiyel suna da karin magana, wai iyaye suka ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, a sura 18 Allah ya rantse yace ba za a ƙara faɗar wannan a Isra'ila ba, wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Haka nan masu cewa an la'anci baƙar fata ta kan Ham, ƙarya ce da aka yi amfani da ita wajen halatta cinikin bayi, Farawa 9:25 Kan'ana ta ambata, ba ta kuma ce komai a kan launin fata ba.

Jerin sunayen da kansu sun ba ka amsa. Ahaz mugu ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah, Hezekiya ya haifi Manassa da ya yi shekara 55 a mulki ya cika Urushalima da jini, jikan Manassa kuma shi ne Yosiya da ya rushe bagadan gumaka. Kora ya hallaka cikin tawayen da ya yi wa Musa, amma Littafin Ƙidaya 26:11 ta ce 'ya'yan Kora ba su mutu ba, su ne sunansu ke kan Zabura 42 da 84, kuma 1 Tarihi 6 ta nuna annabi Sama'ila daga wannan gida ya fito. Ibrahim kansa, Joshuwa 24:2 tace ubansa Tera gumaka yake bauta wa, kuma babu inda aka ce an yi wa Ibrahim wata addu'ar yanke la'ana kafin Allah ya kira shi. Don haka kar ka ba kowa ko sisi a kan wannan. In akwai kayan tsafin da kakanka ya bari a hannunka, ko wani abu da kai kanka ka sa hannu a ciki, ka sami fastonka ko wani dattijon ikkilisiyarku da ka amince da shi, ku zauna ku karanta Ezekiyel 18 da Galatiyawa 3:13-14, ku yi addu'a, ka rabu da kayan.